Idan Hannun Dama Ya Bayar, Wa Ya Kamata Ya Sani?

A CIKIN azumin 2024 na yi kwana tara a garin Zuru, wajen wani aminina da muka yi makaranta tare, wanda gidansa ke wani lungu a Rikoto. Shekarar nan ce azumin Musulmi da na Kirista suka haɗu, har bikin Ista ya faɗo cikin Ramadan, ga kuma tsadar rayuwa ta shaƙe wuyan kowa tun bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023. Saboda haka duk inda ka juya a gari rabo ake yi. A lungun nan na ga wani abu da har yau ya ƙi barin raina, shi ne nake so mu tattauna da kai mai karatu, domin na tabbata irinsa na faruwa a unguwarku, ko a Kano kake ko a Maraɗi.

Akwai wata baiwar Allah da ta gudo daga wani ƙauye na Danko/Wasagu da 'ya'yanta huɗu, bayan 'yan bindiga sun kashe mai gidanta. Wani ɗan'uwanta ya ba ta ɗaki ɗaya a gidansa. A cikin mako guda, a gaban idona, sau uku ana kawo mata shinkafa: kwamitin wani masallaci ya kawo, yaran wani ɗan siyasa suka kawo har da mai ɗaukar hoto, sannan wata ƙungiya ta 'yan asalin garin mazauna birni ta aiko da nata. Madalla. To, ƙofar da ke kallon tata gidan wani tsoho ne, tsohon soja, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, daga shi sai matarsa mai suyar ƙosai. Ko ƙwayar shinkafa ba a kai masa ba. Da na tambayi aminina dalili, sai ya yi dariyar takaici, ya ce, "Ai 'yan cocinsu suna zaton tsofaffin sojoji 'yan'uwansa na kula da shi, su kuma suna zaton 'ya'yansa na aiko masa daga Legas, 'ya'yan kuwa suna ganin ai coci ba za ta bar shi ba. Mu kuma maƙwabta mun ɗauka yana karɓar fansho mai tsoka."

Ita ma mai shinkafar kada ka ce ta warke. 'Yarta ta biyu tana da sikila, kuma babu ɗanta ko ɗaya da ke zuwa makaranta tun da suka baro ƙauye. Buhu ɗaya a kasuwa ya ƙare, a kan araha, don a sayi magani. Babu wanda ya tambaye ta me take buƙata. Kowa abin da ke hannunsa ya kawo.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk cikin labarin nan babu mugu. A fim dai mun saba, in aka ga maraya na shan wuya to akwai kishiyar uwa ko azzalumin kawu da za a tsine wa, a ƙarshe asirinsa ya tonu a rubuta "Alhamdulillah" a tashi. A nan kuwa kowa mutumin kirki ne, kowa ya fitar da dukiyarsa, amma ga tsoho yana kwana da yunwa, ga yarinya tana murƙususu. Wai shin alhakinsu a wuyan wa yake?

Da na fara yi wa wasu dattawan unguwar maganar cewa ya kamata masu taimakon nan su riƙa sanin abin da junansu ke yi, sai wani daga cikinsu ya tare ni da hujjar da na san za ta zo. Ya ce, "Malam, ai sadaka ɓoye ta ake yi." Gaskiyarsa. Musulmi ya taso yana jin falalar mutumin da ya yi sadaka ya ɓoye ta har hannunsa ɗaya bai san abin da ɗayan ya bayar ba, Kirista ma ya taso da wannan koyarwa a cikin Linjila, kusan da kalmomi iri ɗaya. A gari irin Zuru, inda za ka iske gida ɗaya wa Musulmi ƙane Kirista, kaka kuma na riƙe da al'adar gargajiya, wannan na cikin 'yan abubuwan da babu mai gardama a kansu.

Amma fa a tsaya a duba, me ake karewa da ɓoyewar? Ni dai abu biyu na gani. Ana kare zuciyar mai bayarwa daga riya, ana kuma kare fuskar mai karɓa daga kunya. Ban ga inda aka ce a ɓoye don kada maƙwabcin mai karɓa ya samu ba. Sannan abin haushi, yau mun juya maganar ta koma a birkice. Fuskar mabuƙaci, wadda ita aka ce a rufe, ita muke ɗorawa a Facebook tana rungume da buhu, an rubuta sunan mai bayarwa da manyan baƙaƙe a jiki. Jerin sunayen waɗanda muka bai wa kuwa, wanda in da abokan aikinmu sun gani da an kauce wa maimaici, shi muke dannewa a aljihu kamar lambar asusun banki. Mun tona abin da aka ce a rufe, mun rufe abin da babu wanda ya ce a ɓoye. In ka ce a gyara, a ce maka ai sadaka sirri ce.

Magabatan da muke fakewa da su ba haka suka yi ba. A zamanin halifancin Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi, da dukiya ta yawaita, jama'a ma suka yawaita, diwani aka kafa, wato rajista, aka rubuta sunayen mutane da abin da kowa zai riƙa samu daga baitulmali. A ɗaya ɓangaren, littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yadda aka yi ƙorafi a cikin masu bi na farko a Urushalima cewa ana tsallake gwaurayen mata na masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai amintattu aka danƙa masu aikin. Ka ga ke nan matsalar tsohon nan na Rikoto tsohuwa ce, kuma duka addinan biyu da tsari suka magance ta, ba da ƙarin wa'azin a yi kyauta ba. Kyautar dama ana yi.

Ku 'yan fim kun fi kowa sanin wannan. A ce an fita lokeshin da jarumai na gani na faɗa, da kyamara mai tsada, da furodusa mai sakin kuɗi, amma babu mai kwantiniti. Jaruma ta shiga ɗaki da jan mayafi ta fito da kore, wanda aka binne a sin na goma ya dawo yana shan shayi a sin na sha biyar. Kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah, fim kuma ya lalace. Mai kwantiniti ba ya fitowa a fosta, ba a neman sa hannunsa a titi, amma shi kaɗai ke riƙe da labarin daga farko zuwa ƙarshe. To aikin taimakon jama'a a unguwanninmu fim ne mai furodusa goma, ba mai kwantiniti ko ɗaya.

Zuru kuwa ba garin da zai yi wasa da wannan ba ne a yanzu. Shi ne hedikwatar masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, a kusurwar Jihar Kebbi da ke maƙwabtaka da Zamfara da Neja, wato dai bakin dazuzzukan da 'yan bindiga ke kai da komo. A Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a wasu ƙauyukan Danko/Wasagu. A Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe fiye da 60. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashi ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Bayan kowane hari akwai matan da suka zama gwauraye, da yaran da suka bar aji, da gonakin da aka bari ba a girbe ba. Da yawansu ba sansani suke nufa ba, gidajen dangi suke shiga a cikin gari. Mutumin da ke sansani ana iya ƙirga shi. Wanda ya raɓe a ɗakin ɗan'uwansa kuwa sai wanda ya san lungun.

Kuma ba a rasa ƙofofin neman taimako ba. Ƙofofin ma yawa suka yi. Akwai sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, akwai hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta tarayya, akwai babban asibiti da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi, akwai hukumar ilimi mai kula da firamare. A gefe ga masu zakka, ga 'yan agaji, ga zumuntar mata, ga 'yan adashi, ga tsofaffin ɗalibai, ga ƙungiyoyin ci-gaban ƙauyuka. Kowace ƙofa da irin matsalar da take karɓa. Sai dai ita matsala ba ta san an raba ta gida-gida ba. Matar nan mutum ɗaya ce, yunwarta da ciwon 'yarta da rashin makarantar 'ya'yanta duk a ɗaki ɗaya suke kwana. Mu ne muka yanka ta kashi huɗu, muka ce ta ɗauki kowane kashi ta kai ofishinsa, alhali ba ta da kuɗin acaɓa, ba ta kuma san wanda za ta ce tana nema ba in ta je.

Gwamnati ta san da wannan ciwo, a takarda dai. Tun 2011 aka amince da manufar tattara harkar lafiya matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma tsarin ya tanadi kwamitin ci-gaban mazaɓa a kowace gunduma, wanda ya kamata ya haɗa masu unguwanni da malaman addini da mata da ma'aikatan lafiya. Daga 2016 aka shiga haɗa rajistar talakawa ta ƙasa, wadda a kanta aka riƙa biyan naira 5,000 a wata. Sai ga shi a Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta fito ta ce ba ta yarda da sahihancin rajistar ba. Ban yi mamaki ba. Rajistar da ke zaune a kwamfuta a Abuja ba ta san cewa wance ta gudo daga ƙauye shekaranjiya ba, ba ta kuma san ɓarin jikin wane ya shanye ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutanen ƙasar Zuru ba baƙin tsari ba ne. Lelna, waɗanda mu Hausawa muke kira Dakarkari, suna da golmo, inda saurayi ke shiga ƙungiyar tsaransa suna yi wa surukai noma, bisa al'ada har shekara bakwai, kafin a ba shi mata, a kuma yi bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona. Ka yi tunanin irin lissafin da ke cikin wannan. Dole a san gonar wa za a je yau, ta wa gobe, wa ya zo, wa ya yi fashi, shekarar wa ta cika. Ba a taɓa jin an nome gonar suruki ɗaya sau uku an bar ta wani cikin ciyawa ba, domin ran da aka yi haka auren wani ya tashi. Gayyar Hausawa ma haka take, kowa da kunyarsa, ana tafiya a jere, wanda ya gama ya juyo ya tari wanda aka bari a baya. Ga shi kuma gari ne na sojoji. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo na Biyu, wanda ya rasu a Agustan 2025, Manjo Janar ne, ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985, kuma Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999 ɗan ƙasar ne. Mutanen da suka iya tsara noma da yaƙi, me zai sa tsara jinƙai ya gagare su?

Ina jin amsar ba a rashin iyawa take ba. A noma da yaƙi, in aka yi sakaci kowa na ganin asarar da idonsa. A jinƙai kuwa wanda aka tsallake shiru yake yi, musamman in mai mutunci ne. Shi kuma mai bayarwa ya riga ya ji daɗi a ransa, ya tafi gida da ladansa. Malaman fiƙihu suna da wani kashi na wajibi da suke kira farilla kifaya, wanda in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kuwa babu wanda ya yi to kowa ya yi laifi. Mun riƙe rabin farko da kyau, shi ya sa kowa ke cewa ai wani zai yi. Rabin na biyu ne muka manta. Ni a ganina, tunda ba za ka san ko nauyin ya sauka daga kanka ba sai ka san ko an yi, to bincikar ko an yi ɗin ma yana cikin wajibin. Wanda ya ce "na zaci ana kula da shi" bai kuɓuta ba, don zaton nasa bai ci masa ko sisi ba, tambaya kuwa taku goma ce zuwa ƙofar gidan.

Sai dai kada in yi maka rufa-rufa, mai karatu, masu tsoron rajista suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Duk wanda ya riƙe jerin sunayen mabuƙata ya riƙe wuyansu. Mun ga yadda ake cusa sunan ƙanen mata da na 'yan jam'iyya, a goge na wanda bai yi zaɓe daidai ba. A gari mai addini fiye da ɗaya kuma akwai wani tsoron da ba a faɗa a fili: kowane ɓangare na gudun kada ɗayan ya san raunanansa ya bi su da buhu yana neman su sauya sheƙa. Turawa ma sun taɓa faɗawa ramin nan. A 1869 aka kafa wata ƙungiya a Landan don daidaita ayyukan ƙungiyoyin agaji da hana maimaici, amma ta shahara da titsiye talaka da tambayoyi, tana rarrabe wanda ya "cancanta" da wanda bai cancanta ba, har talakawa suka tsane ta. Tsarin da babu tausayi a cikinsa ya fi rashin tsarin ciwo, domin a rashin tsari ko ba komai kana iya dacewa.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na garin Elberfeld a Jamus, wanda aka soma a 1853. Sun yanka garin ƙanana-ƙanana, kowane yanki aka ba wani mazaunin wurin, ɗan sa-kai, ya kula da gidajen mabuƙata da ba su wuce huɗu ba, yana ziyartarsu, sannan masu kulawar su haɗu a kai a kai su tattauna. Ƙanƙantar abin ita ce sirrinsa. Mutumin da ke kula da gida huɗu ba ya buƙatar fom.

Saboda haka ni ba sabon ofishi nake kira a buɗe ba, Allah ya kiyaye, da allo da hatimi da shugaba da ma'aji da rigimar wa zai hau. Zama nake nufi, a zauren mai unguwa, ko sau ɗaya a wata: liman, fasto, shugabar zumuntar mata, uwargidan da ke riƙe da adashi, ma'aikaciyar asibitin unguwa, hedimasta. Mutum shida ko bakwai da suka san cewa abin da aka faɗa a zauren amana ce. A bi lungu-lungu da baki, wa ya shigo, wa ya kwanta, ɗan wa ya daina zuwa makaranta, wa ya riga ya samu. Hedimasta ba ya buƙatar sanin ciwon kowa, ya ishe shi ya ji akwai yara huɗu a gida kaza da ba sa zuwa aji. Duk mai son rabo daga waje kuma, ɗan siyasa ne ko ƙungiya, ya fara biyowa ta nan, a ce masa gidan nan shinkafa ta ishe su, kuɗin magani suke nema. A kai wa mutum har ɗakinsa da daddare. Wanda ya ga abin da ya faru a Disambar 2024, lokacin da turmutsitsin rabon abinci ya kashe yara 35 a Ibadan, da mutum 10 a Abuja, da 22 a Okija ta Jihar Anambra, duk cikin mako guda, ba zai ƙara sha'awar tara mayunwata a layi ba.

Na san inda gizo ke saƙar. In buhunka ya bi ta zauren mai unguwa, ya isa gidan da ba kai ka zaɓa ba, a hannun wanda ba yaronka ba, to babu hoto, babu godiya, wataƙila ma mai karɓar ba addininku ɗaya ba, kuma har abada ba zai san sunanka ba. Da yawanmu a nan za mu ja da baya, mu ce tsarin bai yi ba. Alhali in da gaske muke yi da maganar hannun dama da na hagu, ai wannan ita ce ɓoyayyar sadakar da ta rage a zamanin waya mai kyamara.

Ana gobe zan bar Zuru, da la'asar, ina zaune a dakalin ƙofar gida sai na ga matar nan ta leƙo ta kira babbar 'yarta. Ta miƙa mata kwano cike da ɗanyar shinkafa, an rufe da faifai, ta ce, "Ki kai wa Baba, ki ce ina gaishe shi da jiki. Ki bi ta baya, kada ki tsaya a ƙofa." Aminina ya ce mini tun buhun farko take yin haka. Watanninta biyar kacal a lungun, amma ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba, ta san mai ciki da ba ta zuwa awo, ta san yaron da aka koro saboda kuɗin jarrabawa. Duk waɗanda suka kawo mata buhu, har da mai ɗaukar hoto, babu wanda ya zauna minti biyar ya tambaye ta.